Ƙafar Hashimu Direba

Ku gyara zama, yau na zo muku da shari'a, kuma ku ne alƙalai.

A Funtuwa an yi wani direban tirela mai suna Hashimu, wanda ke ɗaukar hatsi zuwa Ikko. Mutumin da hanya ce ɗakinsa, gidan abinci ne madafinsa. Duk inda Hashimu ya tsaya, a cika masa faranti da farar shinkafa, a malala mai, a ɗora soyayyen nama, a ajiye lemon kwalba biyu masu sanyi. Da safe kuma shayi mai kauri, sukari har sai cokali ya tsaya, da burodi. Yana da aminai uku: Zubairu makaniki, da Haladu mai gidan abinci a Mokwa, da Isiyaku, direba ɗan'uwansa.

Wata rana Hashimu ya kawo mota garejin Zubairu. Da ya cire takalmi zai yi alwala, Zubairu ya hangi wani gyambo a ɗan yatsan ƙafarsa, bakinsa ya yi baƙi. Zubairu ya tuna irin wannan gyambon ne ya fara cin mahaifiyarsa kafin ta rasu. Ya kuma tuna yadda abokin nasa ya rame, ga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ga yawan zagayawa.

Ya ce, "Hashimu, tun yaushe wannan?"

Hashimu ya ce, "Tuntuɓe ne kawai. Ba ya ma zafi."

"Rashin zafin ne ya tsorata ni."

Hashimu ya yi dariya, ya ce lodi na jiransa. Sai Zubairu ya miƙe. Ya kwance batirin motar, ya kulle a shago, ya jefa makulli a aljihu, ya ce ko asibiti ko motar ta kwana a nan. Suka yi cacar baki har mutane suka taru, amma a ƙarshe sai ga su gaban likita. Likita ya auna jini, ya sake aunawa. Ya ce ciwon sukari ne, kuma ya yi nisa. Yatsan dai ya tafi, sai an cire shi. Ƙafar kuwa tana hannun Allah, tana kuma cikin farantin Hashimu: in sukarin bai sauka ba, wurin ba zai warke ba, sai a yanke daga gwiwa. Direban da ba shi da ƙafa kuwa, kun san ma'anarsa ga iyalinsa.

Aka cire yatsan, aka ba shi magani, ya ɗan huta a gida. Da wurin ya fara haɗewa sai ya koma hanya, ko da yake likita bai so ba, domin tukunyar gidansa ba ta san jinya ba.

Da ya isa Mokwa, ƙamshin suya ya doke shi, duk gargaɗin likita ya bi iska. Ya zauna a bencinsa na kullum ya ce a kawo irin wanda aka saba. Amma Zubairu ya riga ya buga wa Haladu waya. Sai ga Haladu da kansa ɗauke da faranti: kwaɗon zogale ya cinye rabi, gefe dafaffen wake da gasasshen kifi, sai ɗan tuwon dawa kamar dunƙulen hannu, da ruwa.

Hashimu ya ce, "Haladu, akuya ka mayar da ni?"

Haladu ya ce, "Gara akuya mai ƙafa huɗu. Ci, ko ka tashi."

Hashimu ya tashi a fusace ya tsallaka gidan abincin da ke kallon na Haladu. Can ma mai abincin ta ce lemo ya ƙare, shinkafa ba ta nuna ba, ga su kuwa yana gani. Ashe Haladu ya zaga ya roƙi masu abincin tashar ɗaya bayan ɗaya, ya kuma aika wa waɗanda ya sani a Tegina da Jebba. Ya ware wa Hashimu tukunya ta daban, mai kaɗan, gishiri kaɗan, ya yi ta gwaji har ganyen ya yi daɗin da mutum zai nema da kansa. Hashimu ya daɗe ba ya amsa gaisuwarsa, amma yana ci.

Isiyaku kuwa lafiyarsa ƙalau, kuma a tashar kaf ba wanda ya kai shi son maiƙo. Sai ya daidaita lodinsa da na Hashimu, motarsa na bin tasa a baya. Ya san hannun Haladu bai kai ko'ina ba, ya kuma san ba a cin ganye ana kallon mai cin soyayyen nama. Don haka ya bar nasa. A garuruwan da ba wanda ya san su, shi ke fara magana: a rage tuwo, a ƙara ganye, a zuba miya a gefe, nama gasasshe ba soyayye ba. Faranti iri ɗaya suke ci.

Tsoro ya yi wa Hashimu yawa har ya zarce. Wata safiya ya sha magani ya ƙi karyawa, wai don sukarin ya yi saurin sauka. Da rana ta take, Isiyaku ya ga tirelar gabansa tana layi, ta nufi daji ta dawo, ga motar fasinja tafe. Ya danne oda, ya yi ta danna fitila, har Allah ya sa Hashimu ya gangara gefe. Ya same shi jiƙe da gumi, hannu na rawa, magana na harɗewa. Isiyaku ya taɓa raka shi asibiti, ya ji likita na cewa sukarin kan faɗi ƙasa, kuma wannan ya fi saurin kisa. Ya ruga wajen wata mai talla ya fizgo lemon kwalba, abin da suka yi watanni suna gudu, ya kafa masa a baki. Hashimu na kau da kai yana cewa, "Ƙafata, ƙafata!" Isiyaku ya ce, "Sha, maganar ranka ake yi!" Ya sha, idonsa ya washe.

Da lokacin komawa asibiti ya yi, su huɗu suka je, ba mai iya kallon wani. Likita ya kwance bandeji, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce ƙafa ta tsira.

Ba a jima ba matar Hashimu ta haifi ɗa namiji. Hashimu ya rantse sunan wanda ya cece shi zai sa wa yaron. Ranar suna ta zo, an raba goro, rago na ɗaure, liman ya miƙo kunne. Hashimu ya dubi Zubairu, ya dubi Haladu, ya dubi Isiyaku, bakinsa ya ƙi buɗuwa.

Da Zubairu bai kulle batir ba, da ba a san ciwon ba sai ya ci ƙafa. Da Haladu bai jure fushin aboki ba, da sukarin bai sauka ba. Da Isiyaku bai bi shi a baya ba, da gawa aka kawo Funtuwa da ƙafarta lafiya lau.

To, jama'a, liman na jira. Sunan wa za a raɗa wa yaron nan?