Jana'izar Nyakalua

Fasto Yotamu Kalua mutum ne mai baiwar wa'azi, amma yana da ciwo guda: son zama kusa da manya. In mota mai baƙin gilashi ta tsaya a ƙofar cocinsa, a wani ƙauye kusa da garin Rumphi a ƙasar Malawi, har muryarsa canzawa take yi.

Da zaɓe ya matso, ɗan majalisar yankin, Chavula, ya fara zuwa sujada. Tun yana zama a kujerar gaba har Fasto ya riƙa ba shi mumbari don ya gaida jama'a, gaisuwar da takan fi wa'azin tsawo. Chavula ya yi wa cocin rufin kwano, ya sa Fasto cikin kwamitin rabon takin gwamnati. Shi kuma Fasto ya sauke tsofaffin dattawan coci, ya naɗa mutanen Chavula. Kai ya kumbura, har ya fara faɗa a wa'azi cewa wanda ya ƙi Chavula ya ƙi zaɓin Allah.

Ana nan sai Chavula ya aiko da zannuwa masu hotonsa, wai matan zumuntar cocin su ɗaura ranar Lahadi a maimakon farar riga da baƙin zanensu. Shugabar zumuntar kuwa Nyakalua ce, ƙanwar mahaifin Fasto. Ita ta raine shi yana maraya, da cinikin busasshen kifi ta sa shi makaranta. Ta ce ba za ta ɗaura ba.

"Haba Gwaggo, zane ne fa kawai," in ji Fasto.

"In zane ne kawai, kai ka ɗaura mana ka hau mumbari da shi," ta ce. "Ni ba zan durƙusa gaban Allah da fuskar Chavula a ƙuguna ba. Da ma fuskar ta arziki ce!"

Mata suka bushe da dariya. Kunya ta kama Fasto, ta koma fushi, ya sanar cewa an dakatar da ita daga coci. Ya san abin da hakan ke nufi. Wanda ya mutu a dakace ba a sa masa kayan zumunta, ba a raka shi da waƙa, fasto ba ya yi masa addu'a. Amma ya ce a ransa tsoratarwa ce kawai, bayan zaɓe zai mayar da ita.

Ba a kai zaɓen ba zazzaɓi ya ɗauke ta.

Yotamu ya tara dattawa yana hawaye, ya ce a janye hukuncin. Suka sunkuyar da kai, suka ce sai abin da mai gida Chavula ya ce. Ya tafi ya tarar da Chavula yana cin tuwon masara.

"Sannu da haƙuri, Baba Fasto," in ji Chavula. "Amma 'yan adawa sun mayar da tsohuwar nan tutarsu. Ka yi mata waƙa, ka nuna wa duniya ni ne azzalumi ke nan."

"Ranka ya daɗe, uwata ce fa. Kuma wannan maganar coci ce."

"Au, yau ne ka san da maganar coci? Ni da kai tuni muka zama abu ɗaya. Je ka huta."

Ranar jana'iza 'yan sanda suka zo da mota, suka ce duk waƙar da aka tayar taron siyasa ne marar izini. Matan zumunta suka tsaya can gefen gona da fararen rigunansu, bakinsu a rufe. Matar da ta raka gawa ba adadi da muryarta aka ɗauko ta shiru, ba a jin komai sai takun ƙafa. Yotamu ya matso bakin kabari, sai ɗan marigayiyar ya tare shi.

"Koma, Fasto," ya ce. "Ai ka gama yi mata naka tun tana da rai."

Chavula ya ci zaɓe, ya koma wani babban coci a birnin Mzuzu. Yotamu yana nan yana wa'azi ƙarƙashin rufin kwanon, dangi sun daina gaishe shi, kuma har yau bai iya bin hanyar maƙabarta ba.

Darasin da ke nan shi ne, wurin ibada da kujerar mulki kowanne ya tsaya a matsayinsa. Shugaban addinin da ya ara wa ɗan siyasa mumbarinsa don neman girma, ranar da ya fi buƙatarsa zai tarar ba nasa ba ne. Wata ɓarnar kuma, ko an yi nadama, ba ta gyaruwa.