Takardar Daina Ciwo

Tasalla tela ce a kamfanin Alhaji Mati, tana fama da sikila. Da ta dawo daga jinya, Alhaji ya ce, "Kawo takardar likita cewa kin daina ciwo har abada, ko ki kama gabanki."

Ta rusuna. "Ranka ya daɗe, likita ba ya aiki da maganar baki. Rubuta masa."

Ya rubuta, har da hatimi. Ita kuwa sai kotun ma'aikata.

Alƙali ya tambayi Alhaji, "Ita kaɗai ka ɗora wa wannan?"

"Haba! Dokar kowa ce a kamfanina."

Tasalla ta dubi maganin hawan jinin da ya leƙo daga aljihunsa. "To Alhaji, fito da taka mu gani."