Gorar Hamman a Tafkin Tudun Kolo

Akwai wani mutum mai suna Hamman, a wani ƙauye da ake kira Tudun Kolo, can yankin Guri, zamanin da Bature yake zaune a barikin Haɗeja. Kakanninsa makiyaya ne, amma shi saniya ko ɗaya bai gada ba. Abin da ya mallaka duka duka fadamar shinkafa ce a bakin kogi, sai homar kamun kifi, sai wata ƙatuwar gora da yake hawa idan zai shiga ruwa. Ya ƙona alamar shanun gidansu a wuyan gorar, kowa a garin ya santa.

Ku gyara zama, don ni da aka kora daga aji uku saboda na saka wa malamin lissafi kwaɗo a aljihu, yau zan koya muku shari'ar da wasu masu baƙar riga ba su iya bayaninta ba.

Hamman mutum ne mai kunya, kunyar ma ta yi yawa. Matarsa Yakaka 'yar Mala ce, wani dattijo mai faɗa a ji a garin. Tun da aka ɗaura auren, Hamman bai taɓa kallon ƙwayar idon Mala ba. In ya hango shi, sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Ko sunansa ba ya faɗa.

To, garin yana da tafki da ruwan kogi yake bari idan ambaliya ta janye. Al'adarsu, Sarkin Ruwa yana rufe tafkin, babu mai taɓa ko ɗan tarwaɗa sai ranar su, ranar da kowa zai shiga a kama tare. Wanda ya riga mutane shiga, ɓarawon gari ne.

Ana saura kaɗan a yi su, Mala da kansa ya tako har ƙofar gidan Hamman.

"Yaro, ara mini gorarka. Ari zai tsallaka kogi duba gona."

Ari ɗan Mala ne, ƙanen Yakaka, gardi da gemunsa. Hamman yana durƙushe ya ce, "To, Baba."

Bayan kwana biyu aka wayi gari an yashe gefen tafkin. Ga sawu, ga ƙayar kifi, ga gora a maƙale cikin ciyawa da alamar Hamman a wuyanta. Kafin azahar 'yan doka sun tasa shi gaba zuwa wurin alƙali.

Yayarsa 'Yar'azumi, mai suyar kifi a kasuwar Haɗeja, ta tare su a hanya, zaninta duk mai.

"Kai Hamman, ka buɗe bakin nan naka yau. Ka ce aro aka yi."

"Yaya, a gaban uban matata?"

"Uban matarka ne zai yi maka zaman gidan yarin? Kai dai tun kana yaro haka kake, akuya ta ci maka tuwo ka ba ta haƙuri."

Ɗan doka ɗaya ya yi dariya. Aka ci gaba da tafiya.

Ku lura da kyau, alƙalin nan ba azzalumi ba ne. Da aka zauna sai ya ce wa Sarkin Ruwa, "Kai ka kawo ƙara, kai za ka kawo hujja. Mutumin nan ba shi da laifi a wurina sai ka tabbatar."

Sarkin Ruwa ya ajiye gora, ya kira shaidu. Na biyu a cikinsu Mala ne.

"Gorar nan ta wa ce?" in ji alƙali.

"Allah ya gafarta malam, ta mijin 'yata ce."

Bai yi ƙarya ba. Sauran maganar kawai ya haɗiye.

Alƙali ya juya. "Hamman, ka ji. Shari'a ta ba ka dama ka tambayi shaidan nan duk abin da kake so. Kana da tambaya?"

Hamman ya ɗago kai kaɗan. Bai ga fuskar Mala ba, ƙafafunsa ya gani, tsofaffi, duk faso. Tambayar tana bakinsa: Baba, wa ya zo aro? Amma in ya faɗa, ya kira surukinsa maƙaryaci a bainar jama'a, ya kira ƙanen matarsa ɓarawo. Da wane ido zai shiga ɗakin Yakaka? A ransa ya ce, ai Baba ba zai bari a ɗaure ni ba, yanzu zai yi magana.

"Babu, Allah ya gafarta malam."

Kafin a yanke hukunci akwai abin da ake kira i'izari, wato alƙali ya tambaye ka ko akwai sauran abin da za ka kare kanka da shi. Alƙalin nan har sau uku ya yi.

"Bawan Allah, fuskarka ba ta yi mini kama da ta mai yasar tafki ba. Ka ba wani aro? An sace maka ita? Ka faɗa, ba mai taɓa ka a nan."

Daga bayan zaure muryar 'Yar'azumi ta tashi: "Ka yi magana mana, kurman banza!" Aka fitar da ita.

Hamman ya jira Mala. Mala yana jan carbi.

Wata shida aka yanke masa. Gorar kuwa Mala ya karɓa, wai zai ajiye wa 'yarsa. Alƙali ya ƙara da cewa, "In ba ka yarda ba, kana da ikon ɗaukaka ƙara, amma akwai wa'adi. In ya wuce, ya wuce."

Aka sa shi cikin masu ɗaukar marmara a kan hanya. Yakaka ta zo sau ɗaya da fura, ta tsaya nesa tana kuka.

"Maigida, na ji Ari yana faɗa wa abokansa. Na san komai."

"Baba ya ce wani abu?"

"Ya ce in gaishe ka. Wai ka yi haƙuri."

Ya yi haƙurin. Har Di'o, Baturen mulki, ya zo duba fursunoni, tafinta ya bi layi yana cewa, "Bature ya ce akwai mai kuka? Akwai wanda aka ɗaure bisa kuskure?" Wani da ya saci jaki, wanda kowa ya san ya sata, ya yi tsalle ya ce shi ne, aka rubuta sunansa. Hamman ya sunkuyar da kai. Yana ganin gobe ko jibi Baba zai zo da kansa.

Damina ta sauka, ruwa ya cika fadama, ba wanda ya shuka masa ko ƙwaya. Da Bulama, mai garin, ya ga gona ta kwana, sai ya ba wani. Wa kuke tsammani ya nema? Ari.

Ran da aka saki Hamman ya tarar da ɗakinsa a rufe. Mala ya ɗauke 'yarsa, wai kafin maganar gari ta lafa. Sai a ranar Hamman ya nufi wurin alƙali, ya zayyana komai tun daga aron gora.

Alƙali ya gama saurare, ya ce:

"Wannan maganar da ka yi yanzu, da ranar ka yi ta, da a gidanka za ka kwana. Na tambaye ka sau uku. Wa'adi ya wuce, ɗaurin ka riga ka gama shi. Wata shidan nan ba ni da inda zan samo maka su."

"To gonata fa?"

"Ka kawo ƙara, ka kawo shaidu. Wa ya ga an ari gorar?"

Babu kowa. Daga shi sai Mala.

Da shekara ta zagayo aka yi su. An hana Hamman shiga, don wanda aka kama da yasar tafki ba ya sake taka shi. Ya zauna a gaɓa yana kallo. Can tsakiyar ruwa ya hango Ari kwance a kan wata ƙatuwar gora, yana ihu yana ɗaga kifi. Ko daga nesa ana ganin ƙunar alamar gidan su Hamman a wuyanta.

Sai ga Mala ya biyo gaɓa da sandarsa. Kafin Hamman ya yi tunani, hannunsa ya riga ya kai ga takalmi. Ya tuɓe, ya durƙusa.

Mala ya ɗan tsaya. "Madalla. Yaron kirki. Allah ya sa ka daina taɓa tafkin mutane."

"Amin, Baba," in ji Hamman.

Darasi: Kunya ado ce, haƙuri ibada ne, amma ba a gaban alƙali ba. Shari'a ta ba ka 'yancin a saurare ka, ka tambayi mai ba da shaida a kanka ko da surukinka ne, ka ɗaukaka ƙara kafin wa'adi ya cika. In ka yi shiru, ba wanda zai yi magana a madadinka, kuma wanda ka rufa wa asiri ba lallai ya tuna ba. Ku tura wa duk wani mai kunyar da kuka sani, tun ba a zo aron gorarsa ba.