Wuƙar da Aka Ɗinke a Kube

A wani ƙauye akwai wani manomi mai suna Barnaba, wanda ba abin da yake ƙauna a duniya kamar wuƙaƙen aljihu. In ya sayar da gyaɗa, wuƙa. In ya sayar da barkono, wuƙa. Yana da mai ƙotar ƙaho, da mai ƙotar itacen kanya, da wata siririya mai naɗewa wadda yake rantsuwa tana raba gashin kai biyu. Ya jera su a akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado, kowace safiya ya zaɓi ɗaya ya jefa a aljihu kafin ya fita.

Sai dai dukiyar nan ba ta bar shi ya sha ruwa da daɗi ba. Damina ta sauka, yana tsoron tsatsa. Baƙo ya kwana a gidansa, yana tsoron sata. Ko a majami'a, in ana waƙa, hannu ɗaya yana sama, ɗayan yana laluben aljihu.

Babbar damuwarsa kuwa masu aro ne. Da ya zauna a inuwar durumi inda magidanta ke hira, sai wani ya miƙo hannu.

"Barnaba, ara mini 'yar wuƙar nan in fere rake."

"Rake? Da wannan? Haƙoranka fa, sun tafi hutu ne?"

Duk da haka kunya takan sa ya bayar, ya zauna yana kallon bakin wuƙar. Ranar da wani ya karɓa ya yanke farcen ƙafa da ita, Barnaba bai iya cin tuwo ba.

Sai ya ɗauki siririyar nan, wadda ya fi so, ya tafi wurin Ɗantani baduku. Ya ce a yi mata kube na jar fata mai kauri, a sa ta ciki, a ɗinke bakin ruf.

Ɗantani ya ajiye basilla ya dube shi. "Har bakin? To ta ina za ta fito, mutumina?"

"Wa ya ce maka fitowa za ta yi? Ɗinka kawai. Ka ninka zaren."

Dabara ta ci. Duk wanda ya ce a ara masa, Barnaba ya zaro kuben da fara'a ya ce, "Ga ta, ɗan'uwa, buɗe ka yanka." Mutum ya juya, ya juya, ya mayar masa, jama'a na dariya. Daga nan ita kaɗai yake ɗauka, ya kuwa sami barci.

Ana nan, sai ƙanwar mahaifinsa, Goggo Afiniki, tsohuwa gwauruwa, ta tashi zuwa jinyar 'yarta a wani gari. Abin da ta mallaka duka akuya ce guda, baƙa, mai tsohon ciki. Ta jawo ta har ƙofar Barnaba.

"Ɗana, ga amana. Haihuwarta nake jira in gyara rufin ɗakina. Ka sa mata ido."

"Haba Goggo, a hannuna? Je ki da kwanciyar rai."

Lokacin damina ne, shuka ta taso, ba a sakin dabba. Barnaba ya kai akuyar bayan gari inda ciyawa ta yi kyau, ya zarga mata igiyar roba a wuya, ya ɗaure a jikin wani kalgo da ke bakin kwazazzabo.

Da rana ta karkata ya koma don ya ba ta ruwa. Tun daga nesa ya ga kalgo, ya ga igiya a miƙe kamar tsirkiya, bai ga akuya ba. Ya yar da bokiti ya sheƙa a guje.

Ashe ta miƙa wuya ne garin cin ganyen da ke gefe, ƙasa ta zabtare da ita. Ga ta tana reto a bangon kwazazzabon, ƙafafu na shure iska, harshe waje. Ƙarƙashinta yashi ne mai laushi. Da igiyar za ta tsinke, faɗuwa kawai za ta yi ta tashi.

Ya kwanta rub da ciki ya miƙa hannu, bai kai gare ta ba. Ya ja igiyar sama, zargen ya ƙara shaƙe ta, ya saki. Ya koma kan ƙullin da ke jikin kalgo, nauyi ya ɗaure shi tamau. Sai ya cusa hannu a aljihu ya zaro kuben.

Ya sa farce a ɗinkin, farce ya karye. Ya sa haƙori, ya ciza, ya ja, zaren Ɗantani ko gezau. Ga wuƙar nan yana jin tsawonta a tafin hannunsa, tsakaninsa da ita fata ce kawai.

"Jama'a! Wa ke da wuƙa? A kawo wuƙa!"

Ba kowa sai dawa tana kaɗawa. Ya rarumi dutse ya shiga dukan igiyar a kan saiwa, yana duka yana kiran sunan Ubangiji, gumi na shiga masa ido. Zare ɗaya ya tsinke, na biyu ya tsinke. Kafin na ƙarshe, igiyar ta daina motsi a hannunsa.

Ko yankawa ba a samu yi ba, balle a ci naman. Mushe aka binne, da 'ya'yan da ke cikinta.

Da Goggo Afiniki ta dawo, ya durƙusa ya faɗa mata yadda aka yi. Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ce, "Ɗana, ranar ka manta wuƙarka a gida ke nan?"

Ya ce, "Tana aljihuna, Goggo."

To, ga ma'anar misalin nan, ku buɗe kunne. Wuƙar ita ce baiwar da Allah ya sa a hannun kowannenmu: wani ƙarfi, wani sana'a, wani bakin yin ta'aziyya, wani sanin Maganarsa. Ɗinkin nan kuwa tsoro ne, tsoron kada a dame mu, kada a more mu, kada abinmu ya dakushe. Kun san masu ɗinkin, wasu ma suna zaune a bencin gaba da sabuwar riga. A ce su ziyarci mara lafiya, su ce ba su iya addu'a ba. A ce su koya wa yara, su ce sai baɗi. Suna cewa a ransu, in babbar rana ta zo za su buɗe.

Babbar rana ba ta aiko da manzo. Barnaba ya toshe wa masu fere rake hanya, bai san har da Goggonsa ya toshe wa ba. Wanda ya saba hana ƙaramin taimako, ran da rai ke reto a igiya hannunsa ba zai san hanyar buɗewa ba. Saboda haka, 'yan'uwa, kowa ya laluba aljihunsa yau ya farke ɗinkin tun ba a zo nema ba. A bar wuƙa ta fere rake, ta dakushe, a wasa ta. Mai ba da ita bai taɓa tambayar ƙyallinta ba, abin da ta yanka zai tambaya.