Dalilin da Ya Sa Tatsuniya Take Ƙaryata Kanta

Dalilin da ya sa tatsuniya take ƙaryata kanta a ƙarshe magana ce mai zurfi, wadda masana suka yi furfura suna bincikenta. Da sun tambayi kakata, da sun huta tun da baƙin gashinsu. To ku matso, yara, ku ji yadda ta gaya mini.

A da can babu tatsuniya, babu almara, babu tarihi. Suna ɗaya ne, labari. In ka ji, ka ji.

A garin Kwarin Gawo akwai rumbun iri na jama'a. Bayan girbi kowane gida ya zuba geronsa, a liƙe bakin rumbun da laka, mai gari ya danna tafin hannunsa a kai. Ba a buɗewa sai ruwan shuka ya sauka. Kullum dattawa kan ɗaga kai su ga shatin hannun yana nan, su yi hamdala. Ba wanda ya taɓa duba ƙasan rumbun. Sunkuyo ba na manya ba ne.

Akwai wata tsohuwa, Gwaggo Lanti, ba miji, ba ɗa, sai kaji tara. A tsakiyar bazara, lokacin da kajin kowa suka rame kamar tsintsiya, nata suka yi ɓul-ɓul. Mai hankali zai gode wa Allah ya yi shiru. Ita sai ta bi su. Ashe a ƙarƙashin rumbun suke wuni. Ta sunkuya, ta ga abin da ta gani.

Rannan mata na kaɗin auduga a inuwa, sai ta ce, "Akwai wani mutum da ya huda rumbu ta gindi, ya toshe da totuwar masara. In yana son tuwo ya zare, in ya cika ƙwarya ya mayar."

"A wane gari, Gwaggo?"

"Gari dai."

Kafin la'asar Jatau mahauci ya yi mata sallama.

"Gwaggo, an ce kin kira ni ɓarawo."

"Na ambaci sunanka, ɗan nan?"

"Ba ki ambata ba. Amma an ce da kika zo kan totuwa, ɓangaren gidana kika kalla."

Bai rufe baki ba sai ga Mati maƙeri, shi ma da irin tasa. Kafin magariba magidanta huɗu sun zo wanke kansu daga laifin da ba wanda ya ɗora musu. Suka tsaya a ƙofarta suna hararar juna, don kowanne ya ɗauka shi kaɗai ya san da totuwar.

Washegari suka kai ta gaban mai gari.

"Lanti," in ji shi, "kin san doka. Wanda ya ɓata sunan magidanci ba ya sake kwana a garin nan. Ko ki kawo shaida, ko ki ɗaure kayanki."

"Ranka ya daɗe, shaida na kusa. A sunkuya kawai a duba gindin rumbun."

Mai gari ya yi gyaran murya har sau biyu.

"Shatin hannuna na nan?"

"Yana nan, ranka ya daɗe!" in ji mutum huɗun da baki ɗaya.

"To rumbun da hannuna ke kansa, wa zai leƙa masa gindi? Ko ni ake zargi?"

Lanti ta dube shi da kyau. A wannan bazarar, kumatunsa ba su da maraba da kajinta. Ta tuna shekarunta, ta tuna nisan gari na gaba, ta tuna kaji ba sa son tafiya.

"Ranka ya daɗe, yanzu na tuna. Ba mutum ba ne. Kura ce."

Wata mata daga baya ta ce, "Kura na cin gero?"

"Tana ci!" in ji Jatau. "Na sha gani."

"Kuma ma," in ji Lanti, "ƙarya na yi."

"Madalla da tsohuwa mai gaskiya," in ji mai gari. "Koma ɗakinki."

Don kada a sake irin wannan, a nan take ya raba labari kashi uku. Abin da manya suka yarda ya faru, sunansa tarihi. Abin da ba wanda ya gani, almara. Abin da mata suka gani da idonsu kuwa, tatsuniya ke nan: a sa dabbobi a ciki, tunda kura ba ta kai ƙara, kuma mai bayarwa ta ƙaryata kanta kafin ta tashi.

Shi ya sa har yau kakanninku, in sun gama ba ku labarin kura da ɓera, sai su rufe da cewa ai ƙarya ce suka shirya muku, kowa ya watse da mutuncinsa.

Da ruwan shuka ya sauka aka fasa lakar, shatin hannu lafiya lau, gero ko cikin cokali babu. A tarihin Kwarin Gawo, gara ce ta cinye.