Makiyayin da Ya Rufe Rijiyarsa

An yi wani makiyayi a ƙasar da damina ba ta daɗewa, ciyawa kuma sai an bi ta da ƙafa. Mutumin nan yana ƙaunar tumakinsa har matarsa takan tsokane shi ta ce, "Maigida, da tunkiya ce ni, da na fi haka ƙiba."

Tun zamanin kakanninsa garken yakan zaga ne: damina a tudu, kaka a kwari, rani a bakin wani tafki mai nisan kwana uku. Kafin su komo, ciyawar da suka bari ta huta ta zubar da iri. Amma shi tafiyar tana ba shi tausayi, musamman in ya ga 'yan raguna suna ɗingishi. Sai ya haƙa rijiya a bayan gida, ya ce daga yau an gama wahala.

Shekara biyu ana murna. A ta uku, tumakin suna kalashe ciyawa tun tana tsiro, ba ta kaiwa ga yin iri, kofatansu kuma suka daddaɓe ƙasa kamar daɓen ɗaki. Ga ruwa har ya yi yawa, ga ciki fayau. Nono ya ƙafe. Wata safiya ya tarar da ɗan rago a mace a bakin kwamin ruwa, ya zauna a ƙasa.

Matarsa ta zauna kusa da shi, ta ce a hankali, "Gatan da ka yi musu ne yake cinye su."

Bai musa ba. Ya mirgino falalen dutse ya rufe bakin rijiyar. Tumakin suka kewaye shi suna kuka, suna tunkuɗar dutsen da kai. Ya ce, "Ku yi kukanku, ni ma ina yi." Ya saɓa wata tsohuwar tunkiya a wuya, ya shige gaba. Suka bi shi ba da son ransu ba, suna waiwaye. Sai bayan damina biyu ya komo da su, ciyawa ta kai gwiwa, garken kuwa har ya ƙaru.

Ga abin da misalin nan yake nufi, 'yan'uwa. Tumakin nan mu ne. Rijiyar kuwa ita ce duk wani sauƙi da muka tare a kansa, muna sha muna ramewa ba mu sani ba. Makiyayinmu Mai Kyau, wato Ubangiji, ba ya kuskure irin na mutumin nan, amma shi ma yakan rufe rijiya. Watakila akwai wanda yake zaune a nan yau yana tunkuɗar dutse, yana cewa Ubangiji ya manta da shi. Ɗan'uwa, ɗaga kai ka duba. Wanda ya rufe ta bai bar ka ba, yana gaba, in kuwa ƙafarka ta gaza a wuyansa za ka ƙarasa tafiyar.