Ruwan Da Ya Bi Ta Ƙarƙashin Katanga

Akwai wani mutum a Makka mai suna Abdulbaƙi, jikan alhazan Sakkwato. A unguwar Kudai yake zaune, amma ransa yana wata 'yar gona a kudancin gari, inda mahaifinsa ya bar masa dabinai. Rijiyarsa tana ja baya duk shekara, dabinan sun fara yaushi.

A lokacin ne aka fara kai wa manoman wajen ruwan gari da aka tace, wanda aka riga aka yi wanka da wanki da shi. A tanki ake kawowa.

Maƙwabcinsa na gona, Mukhtaru, ya toshe hanci. "Ni da nake shan Zamzam zan ba itacena ruwan kwata? La wallahi!"

Shi Abdulbaƙi mutum ne mai tambaya. Ya je wurin tacewar ya gani da idonsa. Ya tambayi malami, aka ce in launi da wari da ɗanɗano sun gyaru, ya halatta. Ya karɓa.

Da sanyi ya shigo dabino bai cika shan ruwa ba, sai ya rasa yadda zai yi da ragowar ruwan tankin. Ya zauna yana tunani: ruwan sama ma ai ƙasa yake shiga kafin rijiya ta samu. In na ba ƙasa ajiya, za ta mayar mini?

Ya haƙa wani faffaɗan rami a yashi kusa da katangar da ta raba gonarsa da ta Mukhtaru, yana juye ragowar a ciki. Mukhtaru yakan leƙo ya ce, "Ya akhi, yashin ya ƙoshi ko a ƙaro masa?"

Zafi ya zo, aka karkatar da tankunan zuwa wani aiki. Abdulbaƙi ya leƙa rijiyarsa da ɗoki. Laka kawai ya gani. Ta Mukhtaru kuwa, da ta saba ƙafewa kafin ta kowa, ga ruwa fal.

"Ka ga albarkar tsabta?" in ji Mukhtaru.

Abdulbaƙi ya dubi katangar. Ya ɗebo ruwa a bokiti, ya kira shi, ya zuba a gindin katangar. Suka tsaya suna kallo. Ruwan ya gangara ta wata kafa, ya shige gonar Mukhtaru.

"Ashe gonata ce a tudu," Abdulbaƙi ya faɗa a hankali. "Ban taɓa lura ba. Wanda na juye a rami ma haka ya bi ta ƙarƙashin ƙasa."

Mukhtaru ya waiwaya ya dubi rijiyarsa. "Wato duk wannan zafin, ruwanka nake ba itacena?"

"Ruwan kwata dai. Allah ya sa musu albarka."

Ya juya ya koma wurin dabinan mahaifinsa, bai roƙi komai ba.

Washegari ya tarar da baƙin tiyo an ɗoro shi ta kan katanga, ruwa yana kwarara gindin babban dabinon. Daga can Mukhtaru ya ɗaga murya: "Khalas, shi ke nan, kar ka ce komai! Amma in sanyi ya dawo, ramin nan a faɗaɗa shi. Ni zan kawo shebur."

Darasi: Kar ka raina abin da ba ka bincika ba, kuma kar ka yi alfahari da rijiyarka kafin ka san wanda ya cika ta. Ku tura wa maƙwabtanku su karanta.